Umma, ƙafar ta kai ni har bakin teku

Assalamu alaikum Umma, ina wuni, ya gida ya ƙarfin jiki? Ya Abba da su Yaya da Auta? Ina fatan kowa lafiya. Na zaɓi in rubuto maimakon in kira saboda in na ji muryarki komai kwance min yake yi, kuma akwai abin da na ɓoye miki, don Allah ki yafe min tun kafin ki karanta.

Ranar Lahadin da ta wuce na yi gudun nan da kika ce in rabu da shi, rabin gudun fanfalaki, kilomita 21 da ɗan ɗori, kuma Alhamdulillah na gama shi da ƙafafuna, awa 2 da minti 24.

Amma bari in koma baya. Kin tuna bara da na ce miki targaɗe na yi a wajen ƙwallo? Umma ba targaɗe ba ne, jijiyar agara ce ta tsinke gaba ɗaya. Ina gudu kawai na ji fau kamar an maka min sanda a bayan ƙafa, har na juya in ga wanda ya buge ni, wallahi ba kowa kusa da ni. A asibiti likita ta kwantar da ni rub da ciki ta matsa sha-raɓata, in jijiyar lafiya take tafin ƙafar zai motsa da kansa, tawa ko gezau. Ba a yi min tiyata ba, wani ƙaton takalmi aka sa min har gwiwa da tudu a ƙarƙashin dunduniya don bakin jijiyar biyu su haɗu, ana rage tudun kaɗan kaɗan, sati 10 ina cikinsa har kwana da shi nake. Shi ya sa duk bidiyon da muka yi lokacin fuskata kawai kike gani. Lokacin hawan jininki ya tashi, ban so in ƙara miki ba.

Ranar da aka cire takalmin ce ta fi min zafi. Ƙafar ta tsotse, ta zama kamar ba tawa ba, mai gashin ƙashi na asibiti, fisiyo suke ce musu, ta ce in dafa bango in ɗaga dunduniya in tsaya a kan yatsun ƙafar ita kaɗai. Na yunƙura na yunƙura, dunduniyar nan ta ƙi barin ƙasa. Na dawo ɗaki na yi kuka, ban ji kunyar faɗa miki ba. Daga nan kullum safe da dare ina kan matattakalar bene ina ɗagawa ina saukewa ina ƙirgawa, wata kusan 3 kafin na iya 20 a jere. Da aka ba ni izinin gudu na bi wani tsari da hukumar lafiyar Ingila take ba wa masu farawa, gudu minti 1, tafiya minti 1 da rabi, a sati 9 ake so mutum ya kai gudun minti 30 ba tsayawa, ni sai da na yi sati 14 don duk sanda wurin ya kumbura sai in koma baya. Jijiyar ta warke tun kafin zuciyata ta yarda, ko tsakuwa na taka sai gabana ya faɗi in tsaya in shafa wurin. Wannan tsoron ne na gaji da shi Umma, shi ya sa na sa sunana.

Gasar sunanta Great North Run, tun 1981 ake yinta duk shekara in ban da 2020 da aka soke ta saboda korona, ana tashi daga birnin Newcastle a nan Ingila a ƙare a South Shields bakin teku, mutum kusan 60,000, ƙuri'a ma ake yi kafin a samu gurbi. Ki faɗa wa Auta ita ce wadda shahararren ɗan tseren nan Mo Farah ya ci sau 6 a jere daga 2014 zuwa 2019. Da muka hau gadar kogin Tyne ban ga komai ba sai kawunan mutane, da yawa sun manna hoton mahaifi ko ɗa da suka rasa a bayan riga, suna tara wa marasa lafiya kuɗi. Wajen kilomita 16 sha-raɓar ta ɗaure tamau, tsoron ya dawo, na koma gefe na yi tafiya na gwada tsayawa a kan yatsu, ta ɗaga, na ce Bismillah na ci gaba. Dab da ƙarshe akwai gangare mai tsini, na sauke shi a hankali a hankali, sai ga teku a gabana da jama'a maƙil gefe da gefe suna ihu, daga nan har layin ƙarshe hasbunallahu kawai nake maimaitawa hawaye na zuba.

Wurin ya ɗan kumbura ranar Litinin amma ya saɓe, fisiyo ta duba ta ce lafiya lau, in huta sati 2. Na san za ki yi faɗa kuma kina da gaskiya, ki yi, zan saurara. Lambar da aka rataya min taki ce, zan ba wa mai zuwa ya kawo miki. Kar ki faɗa wa Abba tukuna, ni zan faɗa masa da bakina in na kira ranar Juma'a in sha Allah. A gaida kowa da kowa, a ci gaba da sa ni a addu'a.

Ɗanki.