Gonar gado da bututun kamfani

Assalamu alaikum Edita,

Ka ba ni ɗan fili in faɗi wani abu da ya tsaya mani a rai. Kwanaki ina bin labarin rigimar manoman Amurka da wani kamfani mai suna Summit Carbon Solutions, wallahi sai na ji kamar a bayan garinmu ake yin ta. Kamfanin ya fito da shirin shimfiɗa bututu mai tsawon kusan mil 2,500 ta jihohi biyar, Iowa da Nebraska da Minnesota da Dakota ta Kudu da ta Arewa, ya kwashi iskar kabon daga masana'antun da ke maida masara man itanol, a kai ta a binne can ƙarƙashin ƙasa a Dakota ta Arewa. Sun ce don rage ɗumamar yanayi ne. To mun ji, amma fa akwai kuɗi a ciki, wata dokar Amurka ta 2022 ta ba da rangwamen haraji har dala 85 a kan kowane tan da aka binne.

Inda gizo ke saƙar shi ne manomin da ya ce a'a. Kamfanin ya nemi hukuma ta ba shi ikon ratsa gonar mutum ko ya yarda ko bai yarda ba, wato irin ikon da gwamnati ke amfani da shi in za ta yi hanya ko asibiti. A Iowa hukumar ta amince a 2024. A Dakota ta Kudu kuwa manoma suka tashi haiƙan, taro kan taro, kotu, zanga-zanga a majalisa, har a watan Maris na 2025 Gwamna Larry Rhoden ya sa hannu a dokar da ta hana ƙwace fili don bututun kabon. Kuma ba tsoron banza suke ba, a 2020 irin wannan bututu ya fashe kusa da ƙauyen Satartia a Mississippi, mutum fiye da 40 suka je asibiti, motoci suka mutu a hanya don inji ya rasa iskar da zai ci wuta da ita.

Mu nan fa? Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, sashe na 28 ya ba shi ikon soke mallakarka in aka ce amfanin jama'a ne, kuma bututun mai na cikin abin da aka ambata ƙarara. Diyya kuma, a sashe na 29, sai a kan abin da ke bisa ƙasar, shuka, itace, gini. Ita ƙasar kanta ba a saye ta daga gare ka.

Na gani da idona. Shekarun baya wani aiki ya bi ta gonar mahaifinmu, muka wayi gari muka tarar da turaku masu jan fenti, ba wanda ya yi mana sallama. Da masu awo suka dawo sai suka ƙirga ɗorawa biyu da tsamiya ɗaya da gawo, suka rubuta, shi ke nan. Baba ya ce masu kakansa ne ya sare dajin nan, ɗaya daga cikinsu ya ce, Baba, wannan ba ya cikin fom. Kuɗin da aka ba mu ko rabin wata gonar bai saya ba.

Ni ban ƙi ci gaba ba, layin dogon Kano zuwa Maraɗi da ya biyo ta Daura da Katsina kowa zai hau, bututun gas na Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano mai kilomita 614 ma muna fatan ya kawo wuta. Amma in ribar ta kamfani ce, to ya zo ya zauna da mai gona a yi ciniki a gaban dagaci kamar yadda ake sayen kowace gona, in ya ƙi a kauce mashi. 'Yan majalisarmu na Katsina da ke Abuja su duba sashe na 28 da na 29 tun kafin masu jan fenti su sake fitowa.

Naku,
wani manomi daga Daura