Wasiƙa zuwa ga ɗana a kan ƙarar fankar kwamfutarsa

Ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya. Shekaranjiya da muka yi waya, da ƙyar nake jin muryarka saboda gurnanin kwamfutar nan taka, sai kuma na ji kana cewa za ka zare wayar fanka ɗaya ka huta. Kul, kada ka soma. Ruwa ba ya tsami banza, zafi ne ya yi yawa a ciki shi ya sa take ihu. In ka rufe mata baki, firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, zai haura wajen digiri 95 zuwa 100, ya rage wa kansa gudu, in abin ya faskara ya kashe na'urar kana tsakiyar aiki.

Fara da ƙura. Kashe kwamfutar, zare ta daga soket, ka buɗe murfin gefe, ka leƙa tsakanin siraran ƙarafan nan da ke zuƙe zafin firosesa. Za ka tarar ƙura ta dunƙule kamar auduga, ta toshe hanyar iska. Kaɗe ta da buroshi mai laushi, sannan ka hure. Amma ka danne fiffiken fankar da yatsa kafin ka sakar mata iska mai ƙarfi. Ni na taɓa barin tawa tana ta wulwulawa, har ina jin daɗin kallo, washegari ta fara kukan boris, ba ta yi shiru ba sai da na sauya ta. Akwatin wuta kuwa, wato ɗan akwatin da ke raba wa kayan cikinta lantarki, daga waje za ka hure shi, ba a kwance shi, don yana riƙe caji ko an zare waya.

Bayan nan kunna ka kasa kunne. Ƙas-ƙas-ƙas yawanci waya ce ke taɓa fiffike, ɗaure ta gefe, shi ke nan. In dukan akwatin kwamfutar ne ke rawa, sa 'yan robobi tsakanin fanka da ƙarfe.

Abin da na fi so ka gane shi ne girman fanka. Ƙarama mai milimita 80 sai ta yi gudun fitar rai kafin ta tura iskar da mai 120 ko 140 ke turawa a natse, kuma gudun nan shi ne ƙarar. In akwatinka zai ɗauki babba, saya mai fil huɗu a bakin wayarta, don ita kwamfuta ta fi iya sarrafa gudunta. Sai ka shiga BIOS, wato shafin saiti da ake shiga da zarar an kunna kwamfuta, ka tsara fankar ta riƙa juyawa a hankali muddin zafi bai wuce digiri 50 ba, ta riƙa ƙara gudu kaɗan-kaɗan yayin da yake hauhawa. Kada ka bar ta tana zabura tana lafawa, wannan ya fi ƙara mai ɗorewa cin rai. Wajen ɗaurawa duba kibiyar da ke jikinta, fankar gaban akwatin ta shigo da iska, ta bayansa ta fitar.

In duk ka yi wannan zafin bai sauka ba, man da ke tsakanin firosesa da ƙarfensa ne ya bushe. Goge tsohon tas, ka ɗiga sabo ɗan ƙwarya-ƙwarya a tsakiya, kada ka lafta.

Na kuma san halinka, ka cusa kwamfutar a lungun tebur ta jingina da bango. Jawo ta, ka bar mata ko da taƙi ɗaya a baya. In ka gama, kira ni kana zaune kusa da ita, ni ma in ji.

Mahaifinka