Hutun Iyali A Bakin Tafki: A Ware Mai Tsaron Yara

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka mai albarka domin in ja hankalin magidanta kan wani hutu mai sauƙi: wuni guda da iyali a bakin tafki, inda akwai yashi da inuwa.

Hidimar gida a hankali take cin mutum. Daga kai yara makaranta sai wanki, sai girki, da dare kowa ya duƙufa kan waya, har mako ya ƙare miji da mata ba su zauna hira ba. A bakin tafki kuwa, da zarar yaro ya samu jiƙaƙƙen yashi da ɗan bokiti, zai shiga gina katanga da haƙa rami, awa biyu bai nemi kowa ba. Iskar da ke tasowa daga kan ruwa ta sanyaya jiki, manya su miƙe ƙafa, daren nan kowa ya yi barci mai nauyi.

Sai dai kwanciyar ruwan ita ke yaudarar iyaye su saki jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne ruwa ya ci a 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Yaron da ke nutsewa ba ya ihu. Bakinsa na shiga ruwa yana fitowa, ba shi da numfashin kira, kuma kafin minti ɗaya yana iya ɓacewa. Abin takaici, hakan kan faru ko manya sun cika wurin, domin kowa na zaton wani ne ke kallo. Don haka a yi karɓa-karɓa: babba ɗaya ya tsaya minti 20, ba waya, ba hira, yana inda hannunsa zai kai ga ƙaramin yaro, sannan ya miƙa wa wani da baki. Ta haka ne uwa ma za ta huta, maimakon ta ɗauko aikin gida ta kawo bakin ruwa.

Kafin yara su shiga, babba ya fara taka wurin. Ƙasan tafki kan zurma kwatsam daga gwiwa zuwa abin da ya fi tsayin mutum, ga laka mai riƙe ƙafa, ga fasasshiyar kwalba. Kada kowa ya yi tsalle da ka. Rigar ceto a gwada ta: a ɗaga yaron ta kafaɗun rigar, in ta hau har kunnensa ta yi masa yawa. Robar da ake hurawa kuwa abin wasa ce kawai, iska daga gaɓa kan tura ta tsakiya.

A duba ruwan kansa. In ya yi kore kamar an zuba fenti, a haƙura da wanka. A ƙasashe masu zafi a tambayi ma'aikatan lafiya ko akwai tsargiya, domin ƙwayarta na fitowa daga katantanwar ruwa ta shiga ta fata.

Rana ta fi ƙuna daga ƙarfe 10 zuwa 4, sai a tanadi hula da ruwan sha isasshe. In aka ji tsawa kowa ya fito ya nemi mafaka a gini ko mota, kada a koma sai bayan minti 30 da ta ƙarshe.

Naka,
Wani mai karatu