Koke zuwa ga Mai Girma Hakimi kan tsare waɗanda ake bi bashi

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin Hakimi, ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Mu talakawanka, manoma da 'yan kasuwar wannan gunduma, mun kawo kuka kan abin da ke neman zama ruwan dare. Mutum ya ci bashin taki da damina, da alkawarin biya da kaka, gona ta ƙi. Sai mai kuɗi ya kai shi caji ofis, a kulle shi har dangi su haɗa kuɗin. In ba a same shi ba, a tafi da ƙaninsa. Yara na jigilar tuwo safe da yamma, ga "beli kyauta ne" rubuce a bango, amma sai an sayar da tunkiyar uwargida kafin a buɗe ƙofa.

Ranka ya daɗe, ba mu ce a ci bashi a ƙi biya ba, don da yawanmu muna bin wasu. Sai dai sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana 1 in akwai kotu tsakanin kilomita 40, in babu, cikin kwana 2. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 kuwa ta hana kama mutum kan saɓa yarjejeniyar kuɗi, ta hana kama wani a madadin wani.

Alƙali ne zai bincika ko mutum taurin bashi yake, ko da gaske ba shi da shi. Mai taurin bashi a tilasta masa, wanda ke cikin ƙunci a saurara masa, kamar yadda aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta yi umarni. Babbar Kotu na da ikon cewa a kawo mata duk wanda ake tsare da shi, a faɗi dalili. To amma wanda ya kasa biyan buhun taki, ina zai samo kuɗin lauya?

Muna roƙon Hakimi ya kira shugaban caji ofis, a kawo sunayen waɗanda ke kulle saboda bashi, a kai su kotu ko a sake su. A kuma tunatar da Babban Majistare ziyarar duba ɗakunan tsaro da doka ta ɗora masa kowane wata. Dagatai da masu unguwanni su yi shela cewa rigimar bashi fada ake kawo ta don sulhu, in ya gagara a tafi kotu.

Allah ya taimaki Hakimi.

Talakawanka masu biyayya.