Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ɗan Majalisarmu: Ina Takardar Yaron Nan?

Assalamu alaikum, Honorabul. Allah ya taya riƙo. Ba zan cika ka da gaisuwa ba, ka san abin da ya kawo ni.

Ka tuna da yaron nan mai walda, ɗan ƙanena, wanda ya haɗa injin sheƙar riɗi da ke aiki da injin ban ruwa? Damina biyu ya kwashe yana fama da shi a rumfarsa, yana yankan ƙarfe, yana rushewa, yana sake haɗawa, har ya samo yadda injin zai ware yashi da ƙaiƙayi ba tare da ya fasa ƙwayar ba. Duk wanda ya taɓa kai riɗi kasuwar Maigatari ya san yadda 'yan sari ke karya farashi da zarar sun damƙi buhu sun ji ƙasa a tafin hannu. Ranar rabon tallafinka mutanenka suka zo da mota suka ɗauki yaro da injinsa. A gaban jama'a aka sa ya kwance murfin, ya bayyana yadda kowane ƙarfe yake aiki, aka ɗauki bidiyo aka sa a Facebook. Ka dafa kafaɗarsa ka ce za ka tsaya masa har ya samu takardar mallakar ƙirƙirarsa. Ina wurin, da kunnena na ji.

An girbe riɗi sau biyu tun daga ranar. Takarda ba ta zo ba, injin kuwa ya zo, amma ƙirar wasu. An gan shi a birni ana sayarwa da fenti mai sheƙi, babu sunan yaron ko a jikin ƙusa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da na gano daga baya. Dokar mallakar ƙirƙira ta Najeriya, ta shekarar 1970, ba ta kare abu sai idan sabo ne, kuma sabo a wurinta shi ne wanda bai riga ya bayyana ga jama'a ba kafin ranar da aka shigar da takardar nema, ko a rubuce, ko da baki, ko ta hanyar amfani da shi. Rangwamen da ta yi ɗan kaɗan ne: wata 6 ga wanda ya nuna kayansa a baje kolin ƙasa da ƙasa da hukuma ta amince da shi. Taron siyasa a filin firamare ba ya ciki. Ashe ranar da muke tafi muna murna, ranar aka zubar masa da haƙƙinsa. Ban ce da gangan ka yi ba, ranka ya daɗe. Amma kai mai yin doka ne, kuma a ofishinka ya kamata a samu wanda zai ce a dakata da kyamara sai an shigar da takarda.

Dokar ta kuma ba da haƙƙi ga wanda ya riga kowa shigar da nema, ko da ba shi ya ƙirƙira ba. Gaskiya ne ta ce wanda ya ɗauki dabarar wani ba da yardarsa ba, haƙƙin ya koma ga mai shi, amma wannan magana ce ta Babbar Kotun Tarayya, da lauya, da shaidu. Mai waldan da ke jiran a kawo wuta kafin ya samu na cefane, da me zai yi shari'a? Ofishin rajistar ma, wanda ke Abuja ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Kasuwanci da Zuba Jari, cikar takardu yake dubawa, ba ya binciken ko abin sabo ne. Don haka ko yau yaron ya nema ya samu, duk wanda ya ga dama zai iya ɗaukar bidiyon nan ya je kotu ya nemi a soke.

Abin nema ba dutse ba ne da ba ya ɗaguwa: suna da adireshi, cikakken bayanin abin da aka ƙirƙira, zanensa, iyakar abin da mutum yake so a kare masa, sai kuɗin rajista. Idan an samu, shekara 20 daga ranar shigarwa babu mai ƙera shi ko sayar da shi a Najeriya sai da izininsa, muddin yana biyan kuɗin kowace shekara. Akwai hukumar NOTAP, wadda aka kafa a 1979, da ke taimaka wa masu ƙirƙira su tsara takardun su shigar. Sai dai da Turanci ake komai, yaron nan kuwa allo ya yi, sai aji shida. Ni da na koyar shekara talatin ban san da hukumar ba sai da ɓarna ta riga ta auku.

Don girman Allah, Honorabul, ga abin da nake roƙo. Yaron bai karaya ba. Yana da sabon gyara ga injin, kuma na hana shi nuna wa kowa. Na saya masa littafi yana zana komai yana sa kwanan wata. Ka ba mu mutum ɗaya daga ofishinka wanda zai zauna da shi, ya yi alkawarin riƙe sirri a rubuce, ya mayar da bayanin Turanci, ya raka shi Abuja. Kuɗin wannan bai kai na rumfunan da aka kafa a taron nan ba. Kada kuma a sake kai ɗan kowa gaban kyamara da ƙirƙirarsa kafin a tambaye shi ko ya shigar da takarda.

Sauran kuma aikinka ne na majalisa. A Amurka mai ƙirƙira yana da shekara guda bayan ya bayyana abinsa da kansa kafin ƙofa ta rufe. Dokarmu ta haura shekara 50, ka kai ƙudurin da zai ba mutanenmu irin wannan sarari. Ga gidajen rediyon Dutse da Haɗeja, shirin rabin awa da Hausa zai wayar da maƙera da masu walda da yawa.

Kaka ta kusa, kuma yaron yana son gwada sabon injin a kan riɗin bana. Ba zan iya riƙe shi a ɗaki har abada ba. Muna jiran amsarka kafin a fara yanka.

Naka,
Tsohon malamin firamare daga mazaɓarka a Jihar Jigawa