Zuwa ga Autata, kan maganar dinyar nan

Assalamu alaikum Auta, ya gida ya yaran, ya mai gidan naki da karatu, ya kuma sanyin Alƙahira don nasan yanzu ya fara shigo muku. Naji saƙon muryarki tun jiya da daddare na saurara har sau biyu, kuma wallahi raina bai min daɗi ba da naji muryarki tana rawa, wai maƙwabciyarki ta kawo miki dinya guda sukutum daga ƙauyensu kin dafa ta ƙi tauno, mai kuma ya taso ya rufe miyar har kika rasa yadda zaki kai wa malam. Toh ki share hawayenki, ba rashin iya girki bane, kin dai yi mata dahuwar kaza ne ita kuwa ba kaza bace, tsuntsuwar ruwa ce 'yar uwar agwagwa. Tunda kince zaki sayi wata ranar da abokan karatunsa zasu zo, nace bari in zauna in rubuto miki a tsanake ki ajiye wayar kusa da murhu kina dubawa.

Ni na taso da naman dinya a Nguru tun kafin ruwan fadama ya ja baya, don tunda aka gama dam ɗin Tiga a 1974 ambaliyar da take cika mana fadamar Haɗejiya zuwa Nguru bata ƙara komawa yadda take ba, daga baya ciyawar kachalla tazo ta toshe hanyoyin ruwan. A lokacin kakanku in ya fita da asuba wani sa'in sai ya dawo da dinya rataye a kafaɗa, baƙa da farin ciki, ga wata ƙaya mai kaifi a gaɓar fiffikenta wadda Inna take hana mu taɓawa. Wannan ta daji ce, yawo take tana tashi sama shi yasa namanta ja ne jawur ba kitse sai tauri, Inna sai ta ɗora ta tun hantsi ba za'a ci ba sai bayan la'asar. Taku ta can da suke kira wizza ta gida ce, ɗura suke mata har ta kai kilo 4 zuwa 5, na gansu da idona a shagon mai kajin layinku lokacin da nazo miki jego. Taurin yana nan a cinyoyinta, sannan ta ƙara da kitse kamar me a ƙarƙashin fata. Abu biyun nan su suka kayar dake, kuma kowanne da maganinsa.

Ki saye ta da rai a yanka a gabanki, ki duba idonta garau take tana tsaye da ƙafarta, don murar tsuntsayen nan da ta shigo mana a 2006 ta shiga Masar ma a shekarar kuma bata bar ƙasar ba, kar ki bar yaran su yi wasa a wajen figa, ke ma ki wanke hannu da wuƙa da sabulu. In kin kawo ta gida ki babbake ragowar gashin a kan gas. Sai ki juya ta, a saman gindin wutsiya akwai wani ɗan ƙulli mai ruwan ɗorawa, nan take ɗebo man da take shafa wa gashinta ruwa baya kama shi, ki yanke shi ki yar gaba ɗaya, ina kyautata zaton shi kika bari shi yasa kika ce ƙarni ya cika miki gida. Ki sa hannu ciki ki ciro dunƙulen kitsen nan fari na bakin ciki da na wuya ki ajiye a kwano daban, kar ki kuskura ki zubar. Ki goge ta ciki da waje da gishiri da lemun tsami kamar guda 4, Larabawan har fulawa suke haɗawa kuma tana aiki, ki ɗauraye.

Shawarata wannan karon kar ki dafa ta a dunƙule, ki rarraba ta, ƙirji daban, cinyoyi daban, wuya da fukafukai da ƙashin baya da ƙundu daban, saboda abinda ƙirji yake so cinya bata so, in kika haɗa su tukunya ɗaya kafin cinya ta yi laushi ƙirjin ya zama igiya.

Ki fara da kitsen. Ki yayyanka shi ƙanana tare da fatar wuya da duk fatar da ta yi yawa, ki zuba a tukunya da ruwa rabin kofi ki rage wuta can ƙasa, ruwan zai ƙone man ya fito a hankali garai-garai kamar man gyaɗa, fatar kuma ta soyu ta yi ƙaras-ƙaras, ki tsame ki barbaɗa mata yaji ki ba yaran su rage miki ƙiriniya. Man ki tace a kwalba ki sa a firji, zai daskare fari kamar kakiɗen layya sai dai ya fi shi laushi baya kama dasashi, kuma yana watanni bai lalace ba. Ranar da kika yi garau-garau ko ɗanwake ki soya albasa a cikinsa ki zuba a maimakon man gyaɗa, ki dawo ki bani labari. Dankalin turawa ma in kika soya da shi wani abu ne daban.

Ƙirjin tsire zaki yi da shi, ai ƙulin da na aiko miki nasan bai ƙare ba. Ki daka ƙuli gwangwani 1, busasshiyar citta cokali 2, barkono cokali 1 ko shattarsu ta can in naki ya ƙare, masoro rabin cokali, kanumfari ƙwara 5 kar ki wuce haka yana danne komai, kimba 2 amma ki fasa ki zubar da 'ya'yan don ɗaci suke, sai gishiri da dunƙule. Ki zare ƙirjin daga ƙashi da fatarsa, ki tsattsaga fatar da wuƙa kar ki kai ga naman, ki kifa shi ta wajen fatar a kasko tun kaskon yana da sanyi ba mai ko ɗigo, sannan ki kunna wuta kaɗan. Zaki ga mai yana ta tsatsafowa, kina tsiyayewa a kwalbar nan, kamar minti 15 fatar zata yi ja ta ƙame. Sai ki sauke ya sha iska, ki yanka shi siri-siri a gicciye, ba bin tsawon zaren naman ba, wannan yankan shine rabin laushinsa. Ki birkita shi a yajin, ki soke a tsinke, ki yayyafa ɗan mansa ki gasa a wuta mai ƙarfi minti 2 zuwa 3 kowane ɓari, da zarar jan cikin ya ɓace ki sauke. Yajin ƙuli saurin ƙonewa gare shi, ki tsaya a kansa kar ki tafi ɗaukar waya.

Cinyoyin kuwa nan ne nake so ki nutsu, don wannan haɗin ni na ƙirƙiro shi da kaina wata shekara da Babanku ya ce maiƙon ya ishe shi, na tsaya ina tunanin me yake kashe maiƙo a baki, sai idona ya faɗa kan tsamiyar da na jiƙa ta kunu. Ki soke fatar cinyoyin da cokali mai yatsu ko'ina, ki shafe su da dakakkiyar tafarnuwa da ɗanyar citta da gishiri da masoro su kwana a firji. Washegari ki soya su a ɗan mansu har su yi ja ki kwashe, ki rage man ki bar kamar cokali 2, ki zuba albasa manya 3 ki barta ta yi ta soyuwa har ta narke ta yi ruwan ƙasa, kar ki yi mata gaggawa. Ki zuba jajjagen tattasai 2 da attaruhu 3, in babu attaruhu ki nemi barkononsu kore mai zafin nan, sai ruwan tsamiya mai kauri kofi 1, tana nan a wajen masu kayan ƙamshi na bayan Azhar tamar hindi suke ce mata, dabino 5 ki cire ƙwallon ki jefa, ɗan daddawa, kanumfari 3. Ki mayar da cinyoyin ki ƙara ruwa ya kusa rufe su, ki rufe tukunyar ki rage wuta yadda zata riƙa ɗan motsi kawai, awa 2 da rabi ko 3. Kar ki yarda da agogo, ki sa cokali ki murɗa ƙashin, in ya juya da kansa ta yi. Dabinon zai narke ya haɗu da tsamin da zafin ya zama wani romo mai kauri yana ƙyalli, ki yaɗe man da ya taso sama, ki zuba a kan farar shinkafa ko kuskus. Ranar da na fara yi Babanku har ƙashin ya tsotse yana tambaya ko saura. In tsamiya ta gagara zoɓo ma yana yi, karkade ɗin nan nasu, ki dafa shi da kauri ki tace, sai dai miyar zata yi ja sosai.

Wuya da fukafukai da ƙashin baya da ƙundu farfesu ne, citta da yawa, kimba, masoro, daddawa, attaruhu, albasa, ya yi ta ɓararraka awa 2, hantar sai an kusa saukewa zaki sa. Ki ɗebi rabin romon tun kafin ki sa attaruhu ki ajiye, mulukiyyar da suke ta ji da ita ai lalonmu ce, ki kaɗa ta da romon nan ki tuƙa tuwon shinkafa malam ya ji kamar yana gida.

In kuma kin dage sai kin fito da ita guda a tire don baƙi, toh bari in gaya miki abinda ya same ni ina amarya. Na ɗora dinya guda a kan waya bisa garwashi kamar yadda ake wa kaza, na shiga ɗaki ɗauko faranti, kafin in fito mai ya ɗiga a wuta ta tashi sama ta fi tsayina har ta lashi gefen zanan rumfa, uwar mijina ce ta watsa ƙasa ta kashe, dinyar waje baƙi ƙirin ciki kuwa jini. Na yi kuka ranar fiye da naki. Don haka ki sossoke fatar ko'ina, ki kwarara mata tafasasshen ruwa buta guda, ki tsane ta ta kwana a firji a buɗe fatar ta bushe. Ki shafa yaji ciki da waje amma banda ƙuli, shi sai ƙarshe. Ki cusa mata dambun shinkafa da zogale wanda kika riga kika turara, ko farik ɗinsu na ɗanyar alkama, kar ki danna ya cika tam. Ki ɗora ta a kan waya, tire mai zurfi a ƙasa da ɗan ruwa a ciki, obin a digiri 160 wajen awa 3, duk rabin awa ki jawo ki tsiyaye man a hankali da tsumma a hannu kuma yaran suna ɗaki a rufe. Minti 15 na ƙarshe ki ƙara wuta zuwa 220 fatar ta ƙame. Ki soki cinya, in ruwan da ya fito garai ne ba ja ta nuna, ki barta ta huta minti 20 kafin wuƙa ta taɓa ta.

Waccan ta farkon da kika ce kin tura firiza don takaici, fito da ita. Ki mayar tukunya da albasa da citta da ruwa ta dahu har ta saki ƙashi, ki daka a turmi ko ki yagalgala da hannu, ki soya da ɗan mansa da yaji kina juyawa har ya bushe ya yi wara-wara, kin samu dambun nama kenan na sa wa yara a burodi da safe.

Sannan kwanon maƙwabciyarki kar ki mayar mata haka nan, ba tarbiyyar da na miki ba kenan. Ki zuba mata cinya ɗaya ta tsamiyar nan, amma nata ki raba tukunya ki sa attaruhu rabin guda kawai, na lura basa jure zafi irin namu, ranar da na ba ta yajin jego hawaye ta riƙa yi tana dariya. Ki ce mata mamanki tana gaishe ta tana kuma godiya da riƙon da take miki.

Zan ba wata mai zuwa wajenku ƙarshen wata kimba da daddawar Nguru da busasshen attaruhu, ki faɗa min in akwai abinda ya ƙare miki kafin ranar Laraba. Ki gaishe da malam, ki shafa min kan yaran, ki sa musu rigar sanyi da safe. Allah ya yi miki albarka.

Mamanki