Wasiƙa zuwa Hamburg a kan maganar zanen gira

Maamobi, Accra

Zuwa ga aminiyata Hajiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da Alhaji da yara da jikoki, kamar yadda muke a nan. Yaya ƙarfin jiki, yaya kuma sanyin Jamus? Allah Ya ƙara afuwa.

Saƙonki ya iso ni, kuma na fahimci cewa idan kin zo bikin 'yar ƙanwarki a watan Disamba kina so in raka ki wani shagon kwalliya a unguwar Osu ko East Legon da ke nan Accra a yi miki zanen gira irin wanda ba ya wankuwa, tunda gashin girar ya zube, hannu yana rawa, idon ma ba ya ganin layi sosai sai da tabarau. Ban ɗauki wannan buƙata da wasa ba. Na san abin da mace take ji idan ta dubi madubi ta ga fuskarta ta canja, kuma babu wanda zai ce don shekaru sun ja sai mace ta daina son tsafta da ado. Amma da yake na ƙare ƙuruciyata a aikin jinya, na ga ya fi dacewa in rubuto miki a tsanake, domin fatar mai shekara 63 da ta 'yan matan da kike gani a hotunan Instagram ba ɗaya ba ne, kuma yawancin masu tallar wannan aiki ba sa faɗin haka.

Kafin a kai ga maganar allura, ina so likitanki na can ya fara bincika dalilin zubewar gashin. Tsufa kaɗai yana rage gira, gaskiya ne, sai dai idan gefen girar na wajen kunne ne ya fi zubewa, ga yawan kasala da jin sanyi da bushewar fata, to akwai yiwuwar ƙwayar tayirod da ke wuya ce ta rage aiki, kuma gwajin jini ɗaya yana nuna hakan. Akwai kuma wata cutar fata da likitoci suka fara bayyanawa a Ostireliya a 1994, wadda ta fi kama matan da al'ada ta ɗauke musu, tana cin gashin gaban goshi a hankali, sau da yawa ma gira take fara ci. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ne, magani ake nema tukuna, domin rufe wurin da tawada yana iya sa a yi sakaci da ciwon da ke ƙarƙashi.

Shi aikin da aka fi talla, wanda suke kira maikurobuladin, ana yin sa ne da wani ɗan alƙalami mai jerin ƙananan allurai a bakinsa kamar reza. Mai aikin tana tsaga fata siriri siriri, tana cusa launi a cikin tsagar, yadda kowane layi zai yi kama da silin gashi. Kyawun aikin ya dogara ga zurfi: dole launin ya tsaya a saman shimfiɗar fata ta biyu, idan bai kai nan ba zai fita da ɓawon ciwo, idan ya zarce kuma sai ya bazu. A nan ne shekarunmu suke shigowa. Bayan ɗaukewar al'ada, fatar mace tana rasa kusan kashi 30 cikin 100 na kolajin, wato zaren da yake ba ta kauri da ƙarfi, a cikin shekaru biyar na farko, sannan ta ci gaba da raguwa a hankali. Ki tsunkuli fatar bayan hannunki ki saki, za ki ga yadda take jinkirin komawa, ki kuma ga jijiyoyi sun bayyana ta cikinta. Fatar gira ma haka ta zama. Ƙarfin hannun da zai yi daidai a fuskar budurwa zai wuce gona da iri a tamu, jini ya fito ya turo launin waje, wanda ya rage kuma ya bazu kamar tawada a kan takarda mai laima.

Na ga hakan da idona a fuskar wata maƙwabciyarmu, wadda ba za ta girme ki da yawa ba. A watan farko kowa yana yabawa, amma da shekara ta zagayo sai layukan suka narke cikin juna, suka zama faci biyu masu ruwan toka da ɗan shuɗi shuɗi, na hagu ya fi na dama sauka saboda fatar idon wannan gefen ta fi saki. A wutsiyar girar kuma akwai wani ɗan tudu mai sheƙi wanda take yawan sosawa. Yanzu kullum sai ta shafa hoda mai kauri ta rufe wurin sannan ta ja jagira a kai, ga kuɗi sun tafi, ga aikin safe ya ƙaru.

Wannan tudun shi ne abin da ya fi ba ni tsoro a kanki. Mu baƙaƙen fata mun fi kowa saurin yin tabon da yake kumbura ya wuce iyakar ciwon, wanda likitoci suke kira kiloyid, kuma na tuna kunnenki na dama ya taɓa yin ƙullutu bayan huji na biyu. Wadda jikinta yake da wannan hali, tsaga a fuska haɗari ce gare ta, domin kiloyid yana da wuyar magani, ko an yanke yakan dawo. Ban da shi, fatarmu takan yi duhu a duk inda ta ji rauni, kuma duhun yakan ɗauki watanni kafin ya washe.

Sai kuma magunguna. Kin taɓa gaya mini an ɗora ki a kan asfirin bayan ciwon ƙirjin nan, kuma kina shan maganin sukari. Asfirin da wafarin da danginsu suna tsinka jini, don haka zubar jini a lokacin aikin za ta fi yawa. Na ji wasu masu shago suna cewa mace ta dakatar da maganin na 'yan kwanaki kafin ta zo. Don Allah ko da wasa kada ki yi haka sai da izinin likitan da ya rubuta miki, domin ba a sayen gira da shanyewar ɓarin jiki. Ciwon sukari kuwa yana jinkirta warkewa, yana buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa, musamman idan awon bai daidaita ba. Akwai kuma abin da mata da yawa a zangonninmu ba sa son a ambata, wato man bilicin. Hukumar abinci da magunguna ta Ghana ta hana kayan shafa masu haidirokwinon tun 2016, amma har yanzu ana samun su a kasuwa tare da masu sitiroyid, kuma su waɗannan suna ƙara sirantar da fata. Na san ke ba ki shafa, na faɗa ne domin ƙannenki da kika ce su ma suna sha'awar aikin.

Game da yin aikin a nan Accra saboda sauƙin kuɗi, ban goyi baya ba. Ba na cewa babu ƙwararru a garin nan, akwai masu tsafta da sanin aiki. Amma a can inda kike, tun watan Janairun 2022 Tarayyar Turai ta taƙaita amfani da sinadarai sama da 4,000 a cikin tawadar zanen jiki da ta kwalliyar dindindin, alhali a nan yawancin tawadar ta intanet ake oda, ba kowace mai shago ce za ta iya gaya miki abin da ke cikin kwalbar ba. Ko a Amurka, hukumarsu ta abinci da magunguna ba ta amince da wani launi domin a cusa shi cikin fata ba. Sannan ciwon hanta nau'in B ya yawaita a ƙasar nan, yana kuma bin jini da allura, rigakafinsa bai shiga jerin na jarirai a Ghana ba sai 2002, ke nan tsararmu ba mu samu ba sai wadda ta je ta nema da kanta. Duk inda za a yi, wajibi ne a ɓare sabuwar allura daga ledarta a gabanki, a sa sabuwar safar hannu, a zuba launi a ɗan kofin da za a zubar bayan an gama.

Lokacin ma bai dace ba. A makon farko girar takan yi baƙi ƙirin fiye da yadda za ta zauna, sannan ta yi ɓawo ta riƙa saɓa, kuma ana hana jiƙa ta da gumi da rana na kimanin kwana bakwai zuwa goma. Ki auna wannan da ƙurar hunturu, da zirga-zirgar biki, da alwala sau biyar a yini. Bayan haka dole a koma gyara na biyu bayan mako shida zuwa takwas, ga manya ma gara a cika takwas ɗin, lokacin kuwa kin riga kin koma Jamus.

Na ajiye maganar addini zuwa nan ne ba don ita ce ƙarama ba. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito sananne ne, cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya la'anci mai yin jarfa da wadda ake yi wa. Masu shago sukan ce nasu ba jarfa ba ne tunda yana disashewa cikin shekara ɗaya zuwa uku, amma hakikanin aikin shi ne huda fata da cusa launi a ƙarƙashinta, kuma sau da yawa ba ya ɓacewa gaba ɗaya. A ɗaya ɓangaren, Abu Dawud ya kawo maganar Ibn Abbas mai ƙarin cewa idan ba saboda cuta ba, kuma a kan irin wannan ne wasu malamai suka sassauta wa wadda ciwo ko ƙuna ya ɓata wa halitta. Na san wata baiwar Allah da maganin kansar mama ya zubar wa gira ba ta dawo ba, ta tambayi malami, likitanta ya amince, aka yi mata, kuma na ga yadda ta koma shiga mutane da sakin fuska. Ni ba malama ba ce, abin da nake roƙo shi ne ki bayyana wa malamin da kika amince da shi aikin yadda yake, da allurarsa da jininsa da dalilin zubewar gashinki, domin fatawa tana bin bayanin da aka kai.

Idan likita ya duba ya ce babu laifi, malami kuma ya ba ki hanya, to ki guji mai tsagar. Ki nemi wanda ake yi da ƙaramin inji, mai ɗiga launi ƙanana ƙanana har ya yi kamar an shafa hoda, domin ya fi sauƙi ga siririyar fata kuma ya fi tsufa da kyau. Ki ce a nuna miki hotunan aikin da ya warke, na mata baƙaƙe masu shekarunki, ba wanda aka ɗauka ranar da aka gama ba. A zana siffar kina zaune, fuska a sake, ba kina kwance ba, saboda kwanciya tana ja da fata baya. A zaɓi ruwan ƙasa mai duhu, a fara da kaɗan, tunda ƙari yana da sauƙi, cirewa ce wahala: yawancin launukan suna ɗauke da sinadarin tsatsar ƙarfe ko farin taitaniyam, waɗanda hasken leza yakan mayar baƙi maimakon ya goge. Idan wata rana za a ɗauke ki hoton MRI, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da injin maganaɗisu a asibiti, ki sanar da ma'aikatan, domin wasu ƙalilan sukan ji zafi ko kumburi a wurin.

Zanen kwalli a bakin ido da na leɓe kuwa, ki bar su kwata-kwata. Na ido yana iya lalata ƙananan ƙofofin maiƙon da ke hana hawaye bushewa, alhali bushewar ido ta riga ta zama ruwan dare ga tsararmu, na leɓe kuma yana tayar da ƙurajen zazzaɓi ga mai su, yana iya ƙara wa leɓe duhu.

Domin bikin, na yi magana da mai lallen da take yi mana a Nima, za ta zo gida ta gyara miki da jan lalle zalla. Na ce kada ta haɗa da dayis, saboda baƙin sinadarin da ke cikinsa yana ƙona fatar wasu, kuma za mu gwada a bayan kunne kwana biyu kafin a kai fuska. Akwai kuma 'yar roba mai siffar gira da ake ɗorawa a cike da hoda, wadda take taimaka wa mai rawar hannu, zan nema miki a kasuwar Makola.

Ki sanar da ni sakamakon gwajin jinin da zarar ya fito, da ranar saukar jirginku domin yara su tarye ku. Ki gaishe mini da Alhaji da yaran duka. Mutanen gida suna gaisuwa.

Wassalamu alaikum,
Taki aminiya har kullum